Fatar Larai

Alhamis, 14 ga Maris, 2013, bayan La'asar

Ƙanwata Azumi ta sauka jiya da hantsi. Mace ce, kuma tun da ranar Laraba ta zo, kafin a yanke cibi an fara kiranta Larai. Azumi ta yi ƙoƙari. Haihuwar fari amma ko ƙara ba ta yi ba, ita da allurar rigakafi ke sa wa kuka.

Na ce ba zan rubuta sauran ba, ga shi na ɗauko biro.

Wurin wankan farko ne. Ungozoma ta ɗauki soso da sabulu ta fara cuɗa yarinya yadda ake yi wa kowane jariri a gidan nan. Da ta zo ƙafar hagu sai fata ta biyo soson. Daga idon sawu har kusa da gwiwa ta saluɓe, ƙasanta ja wur. Ungozoma ta yi salati, ta ce ruwan bai kai zafin ƙuna ba, ta tsoma hannu ta nuna mana. Gaskiya ta faɗa, ni ma na taɓa.

Inna Uwaliya ta ce, "Zahi na na cikin uwa. Shina hita da kainai."

Tun jiya nake bin dangantakar gidanmu kamar baƙuwa. Babanmu da Baffa Attahiru uwa ɗaya uba ɗaya. Da iyayenmu suka rasu Baffa ya ɗauko mu, matarsa Inna Uwaliya ta raine mu. Da muka girma ya aura wa ɗansa Siddiƙu ni, ya aura wa ƙanensa Junaidu Azumi. Ba wanda aka yi wa dole, ni kam har rawar kai na yi. Wurno kaf an yaba wa Baffa. Na karanta ilimin sinadaran jiki a jami'a, bayoloji nake koyarwa, na san inda irin wannan tunanin yake kai mutum, shi ya sa zan tsaya a nan.

Cikina wata huɗu. Siddiƙu kaɗai ya sani. A takardar nan kawai nake kiran sunansa haka tsirara, a baki Yaya ne.

Juma'a, 15 ga Maris, da azahar

'Yan barka sun cika gida. Kowace ta shigo sai ta miƙa hannu, a ɗora mata yarinya, ta ɗaga ta ta hammata, ta ce hancin na Junaidu ne, ta miƙa wa ta kusa. Haka Larai ta zagaye ɗaki hannu zuwa hannu. Da aka watse na buɗe ta. Bororo ya fito a hammata biyu, cike da ruwa, jere da inda yatsu suka zauna.

Na ce wa Inna a daina ba mutane ita. Ta dube ni ta ce, "A hana 'yan barka ɗaukar ɗiya? A ce muna mi?"

Tsoro nake ji. Na rubuta ko zai ragu, bai ragu ba.

Asabar, 16 ga Maris, da safe

Sababbi a gwiwar hannu da bayan kunne.

Litinin, 18 ga Maris, bayan Magariba

Mun je Sakkwato, ni da Azumi da Junaidu. Inna ta yi faɗa a kan mai jego ta fita kafin suna, Baffa ya ce a tafi. A mota na ɗora Larai kan matashi a cinyata, duk ramin da direba ya faɗa sai na ji shi a cikin ƙirjina.

Likitar fata 'yar kudu ce, Hausarta ta gaisuwa ce kawai. Junaidu manomi ne, Turancinsa na sunayen taki ne da maganin feshi, Azumi kuwa a aji uku ta yi sallama da boko. Don haka ni ce tafinta.

Ta ce fata hawa biyu ce, ta sama da ta ƙasa, kuma akwai wasu furotin da aikinsu ɗaure ta sama a jikin ta ƙasa. Idan aka haifi yaro babu ɗaya daga cikinsu, ko ya zo a gurgunce, 'yar gugar da ba ta kai komai ba sai ta raba hawa biyun, ruwa ya taru a tsakani. Na fassara. Ta ce ba ya warkewa, amma ana iya zama da shi. Na fassara, Azumi ta sunkuyar da kai. Ta ce babu soso, babu ruwan zafi, babu filasta, babu goyo da zane. Riga a juya ta ɗinki ya koma waje. Bororo a huda shi da allura mai tsabta kafin ya yi faɗi, a rufe da bandeji mai basilin. Nonon uwa kada ya yanke, shi ne babban abin da zai tsare raunukan daga ruɓa. Duk na fassara.

Sai ta tambaya ko iyayen 'yan'uwan juna ne. Na ce eh. Ta yi bayani mai tsawo, tana kallon su biyun.

Junaidu ya ce, "Mi tac ce?"

Na ce, "Ta ce a kiyaye ta da zahin rana."

Ta faɗi hakan, amma can baya.

Kafin mu fito ta rubuta mini sunayen furotin ɗin da take zargi. Ta ce gwajin da zai tantance babu shi a nan kusa. Wasu in su ne babu, jariri ba ya daɗewa. Ta ja layi ƙarƙashin guda ɗaya, kolajin na goma sha bakwai, ta ce in shi ne, masu shi suna girma har su tsufa.

Talata, 19 ga Maris, bayan La'asar

Gobe suna. Mode wanzami ya aiko a tuna masa lokaci. Shi ya yi wa Azumi askin suna, ubansa ya yi mini. Aski, cire beli, hujin kunne, duk gobe, a kan yarinyar da soso ya fi ƙarfinta.

Da Inna ban yi nisa ba. "Ba a taɓa raɗa suna gidan ga da gashin ciki ba," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Na sami Baffa a zaure bayan ɗalibansa sun tashi. Na durƙusa, na buɗe masa ƙafar Larai. Ya cire gilashi ya daɗe yana kallo. Ya ce askin abin so ne, ba farilla ba ne, kuma ba a neman lada da cutar da jariri. Ya ce a kawo masa almakashi gobe.

Ya ce, "Likita ta hwaɗi mi ak kawo shi?"

Na ce ana bincike.

Laraba, 20 ga Maris, da yamma

An raɗa mata Khadija. Baffa da kansa ya ɗan datsi gashi daga goshi da almakashi, bai bar ƙarfe ya taɓa fata ba. Mode ya karɓi goronsa da cinyar rago ya tafi yana gunaguni, wai aska ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Cikin taron mata wata ta tambayi Azumi ko ta ci wani abu da ciki. Azumi ta ce a'a, sai dai a Goronyo, inda suke zaune, ita ke wanke wa Junaidu kayan da yake feshin shinkafa da su, har wata rana tafin hannunta ya yi saɓa. Na ga fuskar Inna ta buɗe kamar wadda ta tsinci abin da ta daɗe tana nema.

"Shi na," ta ce. "Maganin heshi na ya ƙone ɗiya tun cikin ciki."

Kafin la'asar duk gidan suna ya ɗauka. Ina tsaye da tire a hannu, na bar su a haka.

Juma'a, 22 ga Maris, da hantsi

Siddiƙu ya dawo jiya daga Rabah, can yake aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma, Alhamis yake zuwa. Ya kawo mini tsamiya da na ce ina kwaɗayi. Ya dafa cikina ya ce wanga ɗa zai yi rigima irin ta uwarsa. Na yi dariya yadda ya kamata.

Da ya fita na zauna da waya ina karanta kolajin na sha bakwai har ido ya yi mini yaji. Yawancin kolajin a waje da ƙwayoyin jiki suke zaune. Shi wannan ratsa bangon ƙwayar fata ya yi, kamar turke. Kansa dunƙulalle yana ciki, ya riƙe wasu furotin da ke ɗaure da zaruruwan cikin ƙwayar. Ɗan gajeren wuya yana cikin bangon. Sai doguwar jela a waje, gaɓa-gaɓa: goma sha biyar masu tauri, inda zare uku suka tufku, tsakaninsu kuma gaɓoɓi masu laushi da ke ba ta damar lanƙwasa. Ƙarshen jelar ya nutsa cikin shimfiɗar ƙasa, ya lanƙwaso ya kama wani furotin mai suna laminin.

Kai a ciki, wuya a bango, jela a waje. Na zana shi a bayan kwalin shayi. Abin da ido ba ya gani, shi ya riƙe mana fata tun ranar da aka haife mu, kuma ba wanda ya taɓa gode masa.

Addu'ata yanzu ta zama abin dariya. Mutane na roƙon lafiya, ni ina roƙon Allah Ya sa na sha bakwai ne.

Lahadi, 24 ga Maris, da azahar

Zafi. Babu wuta tun jiya. Mun yi ta fifita, bayan Larai duk ya tashi.

Talata, 26 ga Maris, bayan tashi daga makaranta

Darasin yau a kan ganyen shuka ne. Na juya wajen allo, kafin in farga na zana kolajin ɗin. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, wanga zai hito jarrabawa?" Na ce a'a, amma ban goge ba, na ci gaba da bayani kamar wadda aka kunna.

Na nuna musu gaɓar da ke bakin bango daga waje, ta farko mai laushi, wadda ake kira NC16A. 'Yar ƙarama ce amma komai a kanta yake. Daga nan zare ukun suke haɗuwa su fara tufka. A nan jiki yake datse jelar da kansa idan fata tana so ta matsa ta rufe rauni. A nan kuma garkuwar jiki take kai hari a wata cutar bororo da ke kama tsofaffi. Bayanta sai gaɓa mafi tsawo cikin masu taurin. Na ce musu kowane mutum yana gadon umarnin gina shi sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma guda ɗaya mai kyau ya isa ya riƙe fata.

Wata ta ɗaga hannu. "In duka biyun sun lalace fa?"

Ƙararrawa ta cece ni.

Yara talatin da wani abu na iya faɗa wa. Ƙanwata ɗaya na kasa.

Asabar, 30 ga Maris, da yamma

Na je Goronyo ɗauko wa Azumi tufafi masu laushi da fankarta mai caji. Junaidu ba ya gida, aka ce yana gona. Na hau babur zuwa bakin kanal. Ko'ina kore shar, ruwan dam na gudu a magudana, mutane na ta aiki a shinkafa. Fegin Junaidu ne kaɗai ciyawa ta fara haurawa, ganyen ya yi tsatsa. Na same shi zaune a kan kunya, injin feshinsa a yashe gefe da igiyar goyonsa a tsinke. Shi ya yanke ta.

"Na hana ta wankin ga, Yaya Safiya," ya ce. "Sau nawa ina ce mata ta bar shi ga masu wanki. Ba ta ji."

Sai kuma ya ce, "Ni nik kawo guba gida."

Bai san wa zai ɗora wa ba, ita ko kansa, sai ya raba musu. Na ce masa kada ya bar shinkafa ta lalace. Shawarar da na iya bayarwa ke nan, ta shinkafa.

A hanyar dawowa, wajen Marnona, na sa direba ya tsaya na yi amai. Wata tsohuwa a motar ta dube ni ta yi murmushi, ta ce Allah Ya raba lafiya.

Talata, 2 ga Afrilu, bayan La'asar

Komawa asibiti. Larai ta ƙara nauyi, kukanta garau babu dushewa, ƙafar hagun ta rufe ba tare da tabo mai kauri ba. Likita ta ji daɗi. Sai ta ɗauko 'yar tocila ta ce Azumi ta buɗe baki, sannan Junaidu.

Na san abin da za ta gani. 'Yan ramuka a jikin haƙora kamar an tsattsaga da tsinin allura. A gidanmu haƙoran Malam Babba ake ce musu, kakanmu. Da su ake tsokanar juna, in an haifi yaro a ce bari ya yi haƙora mu gani ko ɗan gida ne. Baffa yana da su. Babanmu ma an ce yana da su.

Ta ce wannan kolajin yana da hannu wurin gina farin bayan haƙori. Wanda ya gaji umarni ɗaya mai kyau ɗaya lalatacce, fatarsa lafiya lau, amma sau da yawa haƙori yakan nuna. Ta ce ba hujja ce yankakkiya ba, sai dai yanzu ta fi karkata ga na sha bakwai. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da shi, kowane ciki kashi ɗaya ne cikin huɗu.

Addu'ata ta karɓu ke nan. Larai za ta rayu, in Allah Ya so.

Na fassara musu cewa za ta rayu. Azumi ta yi kuka. Junaidu ya ce me haƙora suka yi, na ce dubawa ce kawai.

Da za mu fita likita ta riƙe ni. Ta kalli cikina, ta kalli bakina, na rufe shi. Ta tambaya wa nake aure. Na ce mota na jiranmu.

Laraba, 3 ga Afrilu, da asuba

Na san bakin Siddiƙu tun yana fitar da haƙoran madara. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 5 ga Afrilu, da hantsi

Azumi ta daina ɗaukar Larai. In za ta shayar sai a ɗora mata ita a kan matashi, ta sunkuya, hannuwanta a baya kamar mai laifi a gaban alƙali. Tana wanke hannu da toka har sun yi fari. Ta ce mini, "Yaya, hannun ga ne sunka yi mata. Ke ki riƙa ɗaukar ta, naki masu tsabta na."

Nawa masu tsabta.

Siddiƙu ya zo ya koma da wuri, suna rabon iri a Maikujera. Yana ba ni labari yana dariya, ni ina kallon hularsa.

Kai a ciki, wuya a bango, jela a waje. Ina maimaita shi ina wanke-wanke, ina maimaita shi a sujada, Allah Ya gafarta mini.

Lahadi, 7 ga Afrilu, bayan Magariba

Dole in rubuta yau.

Larai ta kwana biyu tana kuka, bororo ya fito mata cikin baki, kama nono na yi mata wuya. Da hantsi na shiga ɗakin na tarar Inna ta sa Azumi ta tatsa nono a ƙoƙo. Ta kamo tururuwa daga gindin randa ta jefa ciki. Haka ake gwadawa tun kakanni: in ta fita nono lafiya, in ta mutu nono ya ɓaci. Muka zuba ido mu uku. Tururuwar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta tsaya.

"Kun gani," Inna ta ce, ba da mugunta ba, idonta ya kawo ruwa. "Heshin ya shiga nono. A ɗauke ta ga mama, a ba ta na akuya hat a wanke uwat da magani."

Azumi ba ta yi musu ba. Ta ja rigarta ta rufe ƙirji. Wannan rashin musun ne ya tayar da ni.

Na ce tururuwa ko a ruwan koko aka jefa ta nutsewa za ta yi. Inna ta ce boko bai san komai a kan nono ba. Na ce likita ta ce nonon ne ke tsare raunukan. Ta ce likita ba ta san an yi wanki da guba ba. Ta aika a tatso akuya.

Na fita na kira Baffa. Junaidu ma yana nan, ya zo jiya. Suka tsaya bakin ƙofa. Na durƙusa a tsakar ɗaki.

Na ce, "Baffa, akwai maganad da likita tac ce, ni ko ban hwaɗa muku ba. Ba heshi ba na. Ba nono ba na, ba hannun Azumi ba na. Gado na."

Na yi musu bayani da Hausar da na iya. Abin da ke ɗaure fata, da yadda kowa ke gadon sa sau biyu, da yadda guda ɗaya mai kyau ke isa. Na ce Azumi ta ba da lalatacce ba da saninta ba, Junaidu ma haka, kuma daga wuri ɗaya suka samo shi. Junaidu ya ce wane wuri. Na ce su tuna abin da likita ta haska da tocila, haƙoran Malam Babba.

Na ga Baffa yana shafa haƙoransa da harshe a cikin rufaffen baki. Ya dafa ƙyauren ƙofa.

"Ni nih haɗa armen ga," ya ce. "Duka biyu. Don kak ku yi nisa da gida."

Na ce ba wanda ya sani a lokacin. Bai ji ni ba, ko ya ji bai ɗauka ba. Ya juya ya nufi zaure yana tafiya a hankali.

Inna ta daɗe tana kallo na. "Ke kau?" ta ce. "Kin aza ban ga tsamiyad da kika sha ba? Ni nir raine ki, Safiya. Watanki biyat."

Na ce eh.

Ta ɗauki ƙoƙon ta fita da shi, na ji ta watsar a bayan ɗaki.

Azumi ce ta yi magana ƙarshe. "Tun yaushe kinka sani?"

"Tun zuwanmu na hwarko."

Ta dube ni yadda ba ta taɓa duba na ba. Ta kwance hannuwanta daga baya, ta ɗauki 'yarta da kanta, ta juya mini baya ta ba ta nono.

Litinin, 8 ga Afrilu, da yamma

Larai na shan nono. An mayar da akuya.

Azumi ba ta amsa gaisuwata ba. Tana da gaskiya. Na bar ta mako uku tana wanke hannu da toka don in sami mako uku ina yi kamar ban sani ba.

Baffa bai zauna da ɗalibai ba yau. Junaidu ya koma Goronyo, an ce ya ari injin feshi. Kafin ya tafi na ji shi a soro yana waya, ya ce "Yaya" sau biyu, ya rage murya.

Laraba, 10 ga Afrilu, da azahar

Ɗan cikina ya motsa. Karon farko, ina tsakiyar kiran suna a aji. Na riƙe tebur. Na yi murna, wallahi na yi murna, sai kuma na tuna yana da fata.

Alhamis, 11 ga Afrilu, bayan Isha'i

Siddiƙu bai zo ba. Wayarsa na shiga, ba ya ɗauka. Na rufe tuwonsa.

Kashi ɗaya cikin huɗu. Wato uku lafiya. Na faɗa wa kaina haka da Hausa, na faɗa da Turanci, duka ba su shiga ba.

Juma'a, 12 ga Afrilu, da la'asar

Bai zo ba.

Na shiga canza wa Larai bandeji. Azumi ta miƙo mini allura kafin in tambaya.

Inna ta aiko mini da kunun tsamiya, ta ce in ji ta in shanye duka.

Asabar, 13 ga Afrilu, bayan Azahar

Ya zo da hantsi. Ya rame. Ban tambaye shi inda ya yi kwana biyun ba, shi ma bai faɗa ba. Ya gaida Baffa ya daɗe a zaure, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, ta Baffa ban ji ba. Sannan ya shigo ɗakinmu ya zauna bakin gado.

Na shirya magana tun Lahadi. Na buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Junaidu ya hwaɗa man," ya ce. "Ina ɗiyat take?"

Na bi shi zuwa ɗakin Azumi. Siddiƙu bai taɓa ɗaukar jariri ba a rayuwarsa. Ko ranar da ya zo barka daga nesa ya leƙa, ya ce shi tsoron abin da bai yi ƙashi ba yake. Ya yi sallama ya tsaya. Na lura ya yanke farcensa har sun kusa jini. Ya cire agogo da zobe ya sa a aljihu, ya nemi ruwa da sabulu ya wanke hannu har gwiwa.

"Azumi, ki ara man ita."

Azumi ta dube shi, ta dube ni. "Yaya ta gwada maka," ta ce. "Ta hi ni iyawa."

Na zaunar da shi a tabarma. Na ce kada ya kama hammata, kada ya ja, kada yatsa ya danna. A mirgina ta gefe a hankali, tafin hannu ɗaya ƙarƙashin kai da wuya, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, a bar ta ta mirgino kan hannun da kanta, sannan a ɗaga gaba ɗaya. Ya yi. Gumi na zuba daga hularsa. Larai ta buɗe ido ta dube shi, ta yi hamma. Ya riƙe ta kamar minti biyar bai yi ko tari ba.

Da ya sauke ta na buɗe rigar na duba, don dole ne. A ƙarƙashin kafaɗa, inda babban yatsansa ya zauna, wuri ya yi ja, ɗan bororo ya fara tasowa.

Na ce ba komai, kowa ya yi haka da farko, ni ma na yi. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya kalli yatsansa. Sannan ya goge gumi da kafaɗa, ya sake miƙo hannuwa biyu.

"Sake gwada man," ya ce. "Sauranmu wata huɗu."

Na sake gwada masa.